Kunnen Baba na Dama

Jama'a, in kun ga harafi ya karkace ku yi min uzuri, da ɗoki nake rubutun nan. Wata a cikinku ta rubuto min cewa, "Diana, ke dai tsoro ya yi miki yawa, ba za ki taɓa iya komai a kan saurayin nan ba." To 'yar'uwa, gyara zama. Yau da kanki za ki janye maganarki, ko kuma ki ce gara tsoron da wannan ɗanyen aiki da na yi.

Ga waɗanda yau suka fara lekowa, ni ce Diana, autar Sajan Manjo Elias mai ritaya, gidanmu yana Jushi a Sabon Gari. Baba ya yi aikinsa a bandin soja a Basawa yana busa ƙaho, mai babbar ganga kuma kullum yana tsaye ta hagunsa. Kunnen hagun nan ya mutu murus, na dama ma sai an ɗaga murya. Yayana Sati ya taɓa sayo masa ɗan abin nan da ake maƙalawa a kunne, Baba ya jefa shi a durowa ya ce kukan gyare yake yi masa. Shi ya sa a gidanmu ba a hira da Baba, ihu ake yi masa. "Baba, abinci!" "Baba, baƙo!" Iyakarta ke nan.

Wanda nake so kuwa Japheth ne. Yana zanen gine-gine a wani ofis a Samaru, dogo, mai sanyin hali, ga tsabta. Matsalarsa ɗaya ce, i'ina. In mu biyu ne da shi maganarsa tana tafiya lafiya lau, amma da zarar ya ga babba sai harshen ya ƙulle. Ranar da ya fara zuwa gaida Baba, saboda ladabi sai ya raɓe ta gefen hagu ya sunkuyar da kai.

"Baba, n-na zo n-neman D-d-d..."

"Ɗaki?" in ji Baba. "Babu ɗakin haya a nan, yaro. Ka gwada gidan gaba."

Haka Japheth ya yi godiya ya tashi ya fita. Ina laɓe bayan labule, ban san lokacin da na ciji ɗankwalina ba.

Sai kuma motarsa. Ja ce, irin ƙirar tseren nan mai ƙofa biyu, cikinta kusan a ƙasa. Tsohuwa ya saya yana ta lallaɓa ta har ta dawo kamar amarya. Ni dai in na ji ƙarar injinta daga bakin layi zuciyata tsalle take yi. Mama kuwa, Mama Edith ta Zumuntar Matan cocinmu, kallo ɗaya ta yi mata ta taɓe baki.

"Namijin da ya sayi mota mai ƙofa biyu bai shirya tara iyali ba. Ina uwar mata za ta zauna? A kan taya?"

Ita nata gwanin Dominic ne, ɗan ƙawarta, ma'aikacin banki a Kaduna, mai jif da ƙatuwar murya. Dominic in ya ce "Ina kwana, Baba" har kajin maƙwabta sai sun watse. Shi kaɗai ne baƙon da Baba ke ji ba tare da ya ce "Na'am?" ba, don haka Baba ke ganin ai yaron kirki ne. Ba ni da abin da zan zarge shi da shi, ni dai ba na son sa ne kawai.

Ranar Alhamis muna cin tuwo Baba ya ajiye cokalin miya ya dube ni.

"Kawunnan Dominic za su kawo gaisuwa ranar Lahadi da yamma. Ba zan yi miki dole ba. Amma ni ban ji komai daga bakin kowa ba. In akwai mai magana, in ji ta da kunnena kafin su iso. In na karɓi gaisuwar mutane, soja ba ya magana biyu."

Da kunnensa! Ga mai kunne ɗaya, ga mai nauyin baki. Na shiga ɗaki na ɗauki waya na rubuta wa Japheth.

"Lahadi da yamma komai zai ƙare. Me za mu yi?"

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, sannan amsa ta shigo: "Na ɗauki maganar a waya tun tuni. Ni kaɗai a ɗaki, na yi ta maimaitawa har ta fita babu tangarɗa. Amma yaya zan yi ya saurara?"

Nan take dabara ta faɗo min. An gayyaci Baba bikin godiyar kaka a wata coci a Bomo ranar Lahadin da safe, Sati kuma ba ya gari balle ya kai shi. In Japheth ya ɗauke shi, Baba zai zauna a kujerar gaba, kunnensa na dama yana daidai lasifikar da ke saman dashbod ta ɓangaren dama. A kunna maganar, a ƙure murya, shi ke nan.

"Sifikun gaba sun mutu," ya rubuto. "Zuuu kawai suke yi kamar ƙudan zuma. Kuma mai wayarin ɗin da na kai wa wancan karon ya fasa min roba, ba zan koma ba."

"Wa ya ce ka kai wa wani? Ni zan canza su."

Ya turo min fuskar nan mai zaro ido. Na tura masa mai murguɗa baki. Ya manta cewa tun ina sakandare nake cikin masu kula da lasifikar cocinmu, ni ce mai rarrafe bayan bagadi da waya a baki ana tsakiyar waƙa.

Asabar da safe na ɗaura tsohon zanena a kan wandon jins don kada Mama ta yi tambaya, na ce zan je kasuwa sayen kayan miya. Na zarce layin masu kayan mota, shagon Oga Chika. Na nuna masa hoton tsohuwar lasifikar da Japheth ya ɗauka ta cikin ragar da ta rufe ta, na ce ƙanana nake so, masu inci uku da rabi, guda biyu.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Sister, na who go fix am?" Wato wa zai ɗaura su.

"Ni."

Ya ƙyalƙyale da dariya ya juya Hausa. "To in ki fasa gilashi, kada ki kawo min kuka fa." Amma da ya ga na ɗaga kowace ina duba takardar bakinta ina tambayar ƙaramin kafasita da ke hana ƙarar ganga fasa ƙaramar lasifika, sai ya daina dariya ya ƙara min da 'yar guntuwar waya kyauta, ya ce in gaida mai motar.

Na hau a-daidaita-sahu sai Samaru. Japheth ya faka motar ƙarƙashin mangwaro a gidan da yake haya, ya wanke ta tana ta ƙyalli. Na cire zanen na ninke, na ɗaure gashina, na ce ya buɗe min gaba.

"Da farko a cire kan batir," na ce masa. "Baƙin, ba jan ba."

"K-kin tabbata ba za ki..."

"Japheth, riƙe min jaka."

Ku da ba ku taɓa yi ba, bari in gaya muku, aikin nan ba ƙarfi yake so ba, lallashi yake so. Ragar da ta rufe lasifikar tana can ƙuryar dashbod, dab da gilashin gaba, inda hannu ba ya shiga sosai. Na naɗe bakin wuƙar shafa bota da gefen ɗankwalina don kada ta karce robar, na zura ta a hankali ina ɗagawa kaɗan-kaɗan. Kowane "ƙas" da ta yi sai Japheth ya runtse ido kamar haƙorinsa nake cirewa. Ragar ta fita lafiya. Ƙusoshin biyu kuwa doguwar sukudireba ba ta tsayuwa a kansu saboda gilashi, sai da na yi amfani da 'yar guntuwa, ina juyawa da yatsu biyu, na toshe ramin iska da hankici don kada ƙusa ta faɗa ciki mu kwana nema.

Da tsohuwar ta fito muka ga dalilin zuuu ɗin. Rana ta cinye takardar bakinta, ta yayyage kamar busasshen ganyen kuka. Na yanke tsohon soket, na fere bakin wayoyin. Don kada in juya su, na ɗauko batirin tocila na taɓa wa sabuwar lasifikar, bakinta ya yi tsalle waje, na san wace ƙafa ce ta wuta. Na haɗa, na sa kafasitan, na ɗiga dalma, sai salatif ya ƙare ana saura ta dama.

"Je ka sayo, ka haɗo min da zoɓo mai sanyi."

Yana fita na kasa haƙuri. Na murɗe wayoyin haka nan, na mayar da kan batir, na haɗa wayata da rediyon motar ta bulutut. Duk wanda ya taɓa riƙe makirfo a coci ya san ba a gwada lasifika da kiɗa, da murya ake gwadawa. Na danna ɗaukar murya na yi abin da na saba yi kowace Lahadi kafin jama'a su shigo, na kunna, sai ga muryata ta fito tas kamar ina tsaye a kan dashbod ɗin. Daɗi ya kwashe ni. Na ci gaba da ɗauka ina zuba shirme ni kaɗai, daga shirmen kuma ban san yadda aka yi na koma wata magana ba, har na ji idona ya cika. Da na hango Japheth da leda sai na kashe, na goge fuska, na ce a raina anjima zan share.

Muka naɗe wayoyin, muka ɗaure ƙusoshi, raga ta koma mazauninta. Na karkatar da sautin duka zuwa dama. Na sa masa wata waƙar Zumunta daga wayata, muryoyin matan nan suka cika motar, Japheth ya dafe kai yana dariya yana cewa ko ranar da motar ta fito daga kamfani ba ta yi haka ba. Na ce ya gwada tasa maganar, ya ce a'a, kunya yake ji in saurara, sai gobe. Ni kuma sauri nake yi in biya kasuwa, don Mama ta riga ta turo saƙo: "Tumatirin daga Legas ake kawo shi?"

Lahadi na tashi da wuri na sa sabuwar atamfata shuɗiya, riga da siket mai matse gwiwa, na kafa ɗauri. Mama ta ce ba za ta je Bomo ba, ta riga ta yi sujadar farko a cocinmu na Jushi ta dawo, girkin baƙi za ta ɗora. Baba ya fito cikin farin kaftani da hula, da sandarsa, takalmi yana walƙiya irin na tsohon soja. Ya tsaya ya ƙare wa motar kallo.

"Wannan ba yaron da ke neman ɗaki ba ne?"

"Shi ne, Baba!" na ɗaga murya. "Zai kai mu Bomo!"

Aka kwantar da kujerar gaba na shige baya. Jama'a, kujerar nan ko akuya sai ta naɗe ƙafa. Gwiwoyina suna taɓa haɓata, ɗaurina yana gogar rufi. Babu wurin jaka, sai Japheth ya karɓe ta ya sa a but ɗin bayan motar tare da doyar da Baba zai kai coci baikon godiya. Ku riƙe wannan, wayata tana cikin jakar.

Muka bi ta Kwangila muka miƙe hanyar Samaru. Ina hango wuyan Japheth yana zufa. Da muka bar kwalta muka shiga hanyar Bomo, gonakin dawa hagu da dama, na zungure shi ta bayan kujera. Ya ja numfashi, ya ƙure murya, ya danna maɓallin rediyon.

"A YABI UBANGIJI!"

"Haleluya!" in ji Baba da ƙarfi, tun kafin ya san daga ina aka yi kiran.

Muryata ce. Ashe rediyon wayar da ya sani jiya ya nema, ya same ta kwance a but kusa da doya, ya manta da ta mai motar.

"Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu. Dama, kina ji na? To madalla." Sai muryar ta yi kauri, ta koma irin ta wani da duk wanda ke Jushi ya sani. "Ni ne Sajan Manjo Elias mai ritaya! Atenshan! Kai yaro, ɗaki kake nema? Babu ɗaki! Amma akwai wata Diana a nan, ta cika min gida da cin nama, zo ka kwashe ta!"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Japheth ya kai hannu zai kashe, Baba ya buge hannun da kan sandarsa.

"Bari."

Na rufe fuska da gefen ɗaurina, don na san abin da ke tafe. Dariyar cikin lasifikar ta lafa, sai muryata ta dawo ƙasa-ƙasa, irin wadda ban taɓa yi wa Baba magana da ita ba tun da na yi wayo.

"Baba, da za ka ji ni. Japheth nake so. Bakinsa ne mai nauyi, amma bai taɓa yi min magana biyu ba. Ranar da ya zo ba ɗaki yake nema ba, sunana ne ya maƙale masa. Kai ma ba ka jin mu sosai, amma ba mu taɓa cewa a canza mana uba ba. Na gaji da yi maka ihu, Baba. Ina kewar lokacin da nake zama kusa da kai ina ba ka labarin makaranta."

Sai ƙarar jan hanci, sai shiru.

A al'adarmu wace 'ya ce za ta dubi ubanta ta ce ga wanda take so, balle ta kwaikwayi muryarsa? Na gama sallamawa. Na ce yau ba Japheth kaɗai ba, har ni sai na nemi ɗakin haya.

"Tsaya a nan," in ji Baba.

Japheth ya gangara gefen wata gona ya tsaya. Baba bai waiwayo ba. Ya kai hannu ya shafa ragar lasifikar da ke gabansa.

"Wa ya ɗaura wannan?"

"Ni ce, Baba." Ban ɗaga murya ba, na matso ne kawai na faɗa ta bayan kunnensa na dama.

"Sake sa min wurin ƙarshen."

Japheth ya mayar da shi baya. Muka sake saurara, ni ina kuka a ɓoye, Baba ya karkata kai har hularsa tana taɓa gilashi. Da ya ƙare ya cire hular ya goge fuska da ita. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da aka binne Kaka.

"Rabon da in ji muryarki ba ihu ba, tun kina da giɓi," ya ce. "Na ɗauka girma ne ya sa kika daina min hira." Ya mayar da hular ya gyara mata zama. "Amma kwaikwayon bai yi ba. Ban taɓa cewa atenshan kamar mai tallan manja ba."

Dariya ta kufce min cikin kuka. Japheth ma ya fara murmushi, sai Baba ya juyo gare shi gaba ɗaya, murmushin ya ɗauke.

"Kai kuma, ina jin kana da taka maganar a waya ko? Na ga yadda take zungurinka." Japheth ya gyaɗa kai ya fara laluben aljihu. "Bar ta a aljihun. Na ji nata, kuma ita 'yata ce, ta ci albarkacin wannan. Amma na'ura ba za ta nema maka aure ba. Fita ka zagayo ta nan." Ya nuna kunnensa na dama.

Japheth ya fita. Na bi shi da ido ta gilashi yana zagaya gaban motar, ya buɗe ƙofar Baba, ya durƙusa a kan ciyawa da farar shaddarsa da ya goge tun jiya. Masu tafiya coci a kan babur suna rage gudu suna kallo. Ya haɗa hannuwa.

Sai motar gaba ɗaya ta ɗauki ƙarar kira. Wayata ce daga but. A fuskar rediyon an rubuta MAMA. Kafin in ce kada a taɓa, Baba ya danna koren da kansa.

"Diana! Kina ina? Mutanen Dominic ba su jira yamma ba, ga su a falo da akwatin lemo da goro! Ki san dabarar da za ki yi ki juyo da Babanku yanzun nan, kada ki bari wannan mai mota kamar takalmi ya samu zarafin..."

"Maman Sati," in ji Baba.

Har ƙarar murfin tukunya na ji ya faɗi a can Jushi.

"Ina jin ki sarai. Yau kowa ina jin sa. Ki ba su ruwa su zauna, akwai wanda ya riga su layi."

Ya danna jan. Ya jingina sandarsa, ya tura hular gefe don kunnen ya fito sosai, ya sunkuya har ya kusa taɓa goshin Japheth.

"Ina sauraronka, yaro. Kada ka yi sauri. Ko rana za ta faɗi muna nan, ba zan ƙarasa maka kalma ba wannan karon."

Na danne bakina da hannu biyu, gwiwoyina a haɓa, ina addu'ar da ban taɓa yin irinta ba. Japheth ya ɗago kai, ya dube ni ta tsakanin kujeru, ya dubi Baba, ya buɗe baki.

"B-b-baba, na zo n-neman D-d-d..."

Baba bai motsa ba. Yana jira.